Lambar Sirrin Babbar Rauta

A shekarar da makaranta ta tura mu koyon aiki, mu biyu ne muka sami wuri a wani ƙaramin kamfani mai ba da intanet a Daura: ni da ɗan kawuna. Ajinmu ɗaya a Katsina, fanninmu ɗaya, amma shi mutumin Mashi ne, ni ɗan Daura, don haka a gidanmu ya sauka. Inna ta ce baƙo ne, sai ya ɗauki katifata ni na koma tabarma. Baƙon da tun muna yara yake zuwa hutu yana cinye mini ƙosai.

Taubasai muke, shi ɗan namiji ni ɗan mace, kuma bai taɓa barin in manta da haka ba. "Bawana, miƙo mini buta." "Bawana, ina ka kai cajata?" Ni ban iya ramawa ba. Amsar takan zo mini ne bayan ya fita, wani lokaci sai washegari, ina wanke fuska. Inna kuwa dariya take yi, ta ƙara masa tsokar nama ta ce ɗan wanta ya rame a makaranta.

Kamfanin ɗaki biyu ne a saman wani shago kusa da tasha. A ɗakin waje akwai tebur, da kujeru, da tulin wayoyi. A na ciki akwai batiran sola, da fanka da ba a kashe ta, da babbar rauta, wato na'urar da ke nuna wa kowane saƙo hanyar da zai bi. Daga ƙarfen da ke kan rufin ne eriyoyi ke jefa sabis zuwa shaguna da makarantu, har Dutsi da Mashi. Mai kamfanin injiniya ne mai furfura a gemu, ba ya yawan magana, ba ya kuma maimaita abin da ya faɗa. Mu muna ce masa Oga. Shi kaɗai ya san lambar sirrin babbar rautar. Mu ɗalibai wata tsohuwar rauta ya ba mu, wadda ba a haɗa ta da kowa ba, ya ce mu lalata ta yadda muke so.

Na fi ɗan kawuna karatu, wannan ko shi bai taɓa musu ba. Na sauke littattafan rautar a wayata tun kafin mu zo, ina karanta su a bayan babur, a layin mai shayi, a ko'ina. Shi kuma hawa ƙarfe ya iya, da gaisawa da mutane. Kafin mako ya zagayo masu shagunan ƙasa sun san shi, suna kiransa da ƙaramin injiniya. Ni ba su san ina aiki a wurin ba. Akwai wanda ya taɓa tambayata ko kati na zo saye.

A cikin babbar rautar akwai jadawalin hanyoyi guda babba, wanda ya san hanyar fita zuwa intanet. Bayan shi, kowane kwastoma mai rassa yana da nasa keɓaɓɓen jadawali, don rassansa su riƙa ganin juna ba tare da wani na waje ya leƙa ba. Jadawalan nan ba sa magana da babban. Idan ana so saƙon kwastoma ya fita duniya amsa ta dawo masa, sai Oga ya zauna ya rubuta hanyar da hannunsa, nan da can. Kwastoma ya buɗe sabon reshe, Oga ya rubuta. Ya sauya wuri, Oga ya goge ya sake rubutawa. Ranar da ya manta kuwa, waya ba ta barinsa ya sha ruwa.

Wanda ya fi kowa kira shi ne wani mai sayar da kayan gyaran babur, Ibo ne da ya daɗe a Daura har Hausarsa ta fi ta wasunmu kaifi. Kowa Ciyaman yake ce masa. Yana da shago a bakin kasuwa, da wani a Dutsi, kuma a lokacin yana shirin buɗe na uku a Mashi.

Wata safiya Oga ya ajiye kofin shayinsa ya ce ya gaji da rubuta hanya da hannu. Yana so jadawalin kwastoma da babban jadawali su riƙa miƙa wa juna hanyoyi da kansu: sabon reshe ya tashi, hanyarsa ta bayyana, ya mutu, ta ɓace. Da Ciyaman za a fara, kafin shagon Mashi ya buɗe.

"Kowannenku ya shirya nasa a kan tsohuwar," in ji shi. "Wanda na zaɓa shi zai yi a kan babbar. Zan ba shi lambar sirri. Idan kun gama koyon aikinku, shi zan riƙa barin wa wurin nan in na yi tafiya."

Tun ranar da na fara leƙa ɗakin ciki nake son in zauna gaban rautar nan ni kaɗai, in ga ainihin hanyoyin garinmu suna motsi, ba na wasa ba.

"Amma kun san ka'idata," Oga ya ƙara. "Ba mai taɓa layin mutum sai ya je shagonsa ya yi masa bayanin abin da zai yi, da bakinsa, har mai layin ya ce ya gane."

Ɗan kawuna ya dube ni ya yi murmushi. "Bawana, ka ji ko? Da baki aka ce."

Shi ya riga ni gamawa. Ya sami umarnin da ke buɗe ƙofa tsakanin jadawalan biyu, ya rubuta, hanyoyi suka tsallaka, ya yi tsalle ya fita sayen rake. A kan tsohuwar rautar kwastoma ɗaya tak ya ƙirƙira, don haka komai ya tafi daidai. Ni na tsaya ina jujjuya abin, domin akwai wani abu da na gani a waje da ya ƙi barin raina.

Kwanaki kafin haka mun bi Oga gyara a siton wani dillalin hatsi, wanda shi ma kwastoma ne mai rassa. Ɗan kawuna yana saman tsani, ni ina ƙasa da kwamfuta a cinya. Da na haɗa ta da akwatin intanet na siton, adireshin da ta samu, wato lambar da ake gane ta da ita a kan layi, ya yi mini kama da wanda na sani. Da muka biya shagon Ciyaman da yamma na sake haɗawa, sai ga adireshi irinsa sak. Waɗanda suka kafa akwatunan cikin gida ba su sauya komai ba, yadda masana'anta ta aiko su haka suka manna su a bango. Muddin kowa yana cikin keɓaɓɓen jadawalinsa, wannan ba matsala ba ce. Kuma da Oga yake rubutawa da hannu, adiresoshin waje kawai yake rubutawa, waɗanda kamfani ya raba wa kowa nasa daban. Hannunsa ne yake tace su, bai taɓa faɗa ba. Na'ura kuwa in ka buɗe mata ƙofa komai za ta kwasa. Ranar da aka buɗe wa dillalin hatsi tasa ƙofar bayan ta Ciyaman, adireshi ɗaya zai shiga babban jadawali daga gida biyu, saƙon da aka nufi shagon kayan gyara da shi ya faɗa siton gero.

Na gwada a kan tsohuwar rautar lokacin da ɗan kawuna ya tafi sallar la'asar da 'yan tasha. Haka kuwa ya faru. Sai na rubuta filta, 'yan layuka da ke tsayawa a bakin ƙofar kamar rariya, su bar adiresoshin kamfani su wuce, su tare sauran. Na sake gwadawa. Na kashe reshe na kunna, na ƙara wani na cire. Ban taɓa yin abin da ya yi mini kyau kamar layukan nan ba. Na ajiye su a raina su zama abin da zan fitar a gaban Ciyaman, kowa ya gani.

A gida na fara gwada bayanin. Nakan shiga bayan ɗaki inda Inna ke ɗaure awaki in yi ta faɗa a hankali. Wata rana ɗan kawuna ya kama ni.

"Gwaggo! Zo ki ga bawana yana wa akuya lacca!"

Inna ta fito tana dariya har tana riƙe ƙugu. Ta ce in ci gaba, ai akuyar ta fi ni surutu. Shi ban taɓa ganin ya gwada komai ba. Yana kwance kan katifata yana kallon ƙwallo a waya, ƙafa ɗaya kan ɗaya, ni ina kallonsa daga tabarma. Ba ƙinsa nake yi ba. So nake in wayi gari da bakinsa, shi kuma ya ɗanɗana nawa ko na yini ɗaya ne.

Ranar bayani muka tafi shagon Ciyaman da hantsi. Shagon cike yake da sarƙoƙi da tayoyi da ƙamshin man inji, 'yan acaɓa biyu suna jira a gyara musu birki. Ciyaman ya sa aka jawo mana benci. Mutum ne mai ƙiba da fara'a, da tawul a wuya.

"Injiniya, yau kuma me na yi? Ka zo mini da sojoji."

"Karatu za su yi maka. Wanda ka gane nasa ka faɗa mini."

Oga ya nuna ni da haɓa. Na miƙe tsaye, ko da yake ba wanda ya ce in miƙe. Na fara da jadawali. Na ce akwai babba akwai keɓaɓɓe. Na ce za a fitar da hanyoyi daga wannan a shigar da su wancan ta hanyar ka'idar da rautoci ke sanar da juna. Duk abin da na faɗa daidai ne, na tabbata, amma muryata ta yi ƙasa har ni kaina da ƙyar nake jinta. Ɗaya daga cikin 'yan acaɓan ya matso yana saurare, hakan ya ƙara rikita ni. Na ga idon Ciyaman ya bar fuskata ya koma kan Oga. Kafin in kai ga filta, wadda ita ce abin da na zo da shi, wani ya shigo neman fulogi, Ciyaman ya juya ya sallame shi, da ya juyo sai ya ce, "Sannu, ɗan makaranta. Allah ya ƙara basira." Na zauna.

Ɗan kawuna bai miƙe ba. Ya gyara zama ya dafa gwiwar Ciyaman kamar tare suka girma.

"Ciyaman, ka san tashar nan ta bayanmu?"

"Ni da nake aika kaya kullum?"

"To kai kana da 'yar tasharka ta kanka, motocinka kaɗai ke shiga. Amma in kayanka za su Kano, dole su bi ta babbar tasha. Yanzu duk shagon da ka buɗe, sai Oga ya taka da ƙafarsa ya je babbar tasha ya ce, jama'a, Ciyaman ya buɗe shago a wuri kaza, in an zo da saƙonsa ga inda za a kai. Ranar da Oga ke da mura fa?"

"Ranar nake kiransa sau ɗari!" Ciyaman ya buga cinya.

"To mu ɗan kamasho za mu sa maka a tsakani. Ka buɗe Mashi, shi zai ƙwala ihu da kansa, Mashi ta buɗe! Ka rufe, ya ce Mashi ta rufe. Oga ya yi barcinsa."

'Yan acaɓan suka fashe da dariya. Ciyaman ya ce a kawo lemo mai sanyi. Ni ina kallon ƙasa. Abin da na kwana ina haɗawa a bayan ɗaki, shi ya tsince shi a bakin tasha yana tafe.

Ciyaman ya buɗe kwalba ya tsaya. "Tsaya, ƙaramin injiniya. Tunda kowa ta babbar tasha zai bi, kayan wani ba za su shiga motata ba? Ko nawa su tafi gidan wani?"

"Ko kusa," in ji ɗan kawuna. "Kowa da adireshinsa."

"Za su shiga."

Ni na faɗa. Ban shirya faɗa ba, kuma ba da ƙarfi ba ne, amma kowa a shagon ya ji. Ba zan iya zama in ji an faɗi abin da ba haka yake ba a kan hanyoyin nan, ko da wa ya faɗa.

Oga ya juyo. "Ci gaba."

Na ce adireshin cikin shagon nan ɗaya ne da na siton hatsi. Na ce na gani da idona, na kuma gwada. Na ce sai an sa filta. Iyakar abin da ya fito ke nan, jimla uku, ina kallon wata sarƙa da ke rataye a bango.

Na juya na dubi ɗan kawuna. Na ga lokacin da abin ya shige shi, domin ba daƙiƙi ba ne. Na zaci zai yi musu, ko ya ji kunya. Har na fara jin daɗin kunyar tasa tun kafin ta zo. Sai ya tafa hannu.

"Wallahi gaskiyarsa! Ciyaman, na yi kuskure. Ashe lambar motarka ɗaya da ta mai gero. In ɗan kamashon nan ya kira ta, ku biyu za ku amsa. To ka ga abin da bawan nan nawa ya gano? Mai gadi za a sa a ƙofa, mai duba lamba. Wadda kamfani ya bayar ta wuce, wadda ba ita ba ta tsaya a gida. Ni ban ma lura ba. Wannan da kake gani shiru-shiru, kansa ya fi na ajinmu duka."

"Yanzu na gane," in ji Ciyaman. "Ɗan kamasho da mai gadi. Injiniya, na yarda, a yi." Ya miƙa wa ɗan kawuna hannu suka tafa, sannan ya tuna da ni ya ce a ba ni lemo ni ma.

Da ya ƙi yarda cewa ni na gano, da na sami abin riƙewa. Da na je gida na kwanta ina cewa an cuce ni. Amma ya faɗa a gaban kowa, da murya mai daɗi, har yabon nawa ya zama wani abin da ya ƙara masa kwarjini. Na sha lemon ban ji ɗanɗanonsa ba.

Muka koma kamfani, Oga ya shige gaba muka hau bene. Ya aiki ɗan kawuna sayen abinci, ya ce in nuna masa abin da na rubuta. Ya karanta layukan a hankali, ya sa na kashe reshe na kunna. Ya ce tun farko ya san da maganar adiresoshin, ya bari ne ya ga wa zai duba.

"Aikinka ya fi nasa," in ji shi. "Da naka za a yi."

Na ɗago na dube shi.

"Amma shi zan ba lambar."

Ban tambayi dalili ba. Shi ya ga dama ya faɗa. Ya ce in ya yi tafiya, rauta ba za ta kira kowa a waya ba, mutane ne za su kira, cikin fushi, kuma wanda ya ɗauka dole ya iya riƙe su har a gyara. Ya ce ɗan kawuna in bai sani ba zai tambaya da ƙarfi a gaban kowa, ni kuwa in na sani sai an yi sa'a a ji. Ya ce in ci gaba da karatu, inda zan je ya fi nan. Na ce to. Na ce na gode. Ina jin ƙafar ɗan kawuna a kan bene yana rera waƙa, da ledar shinkafa a hannu.

Ranar Lahadi da safe aka yi aikin, lokacin da Ciyaman yake coci, shagunansa a rufe. Oga ya ce in ɗan jira a waje ya ba ɗan kawuna lambar. Na tsaya a kan matakala ina kallon motocin Kano suna lodi, ina jin muryarsu ƙasa-ƙasa ta bayan ƙofa, sai dariyar ɗan kawuna, sai ƙarar maɓallai. Da aka kira ni, ɗan kawuna yana zaune a kujerar ɗakin ciki, fanka tana kaɗa masa riga.

"Bawana, karanto mini."

Na tsaya a bayansa na karanta masa layukana ɗaya bayan ɗaya, yana bugawa. A wuri guda ya tsallake wata lamba, na ce ya koma, ya koma. Oga ya goge tsofaffin hanyoyin da ya rubuta da hannu, ya kira yaron shagon Mashi ya ce ya kunna akwati. Muka zuba wa allon ido. Can sai ga sabon layi ya fito a babban jadawali, ba wanda ya rubuta shi.

"Oga, Mashi ta shigo!" Ɗan kawuna ya miƙe har kujera ta faɗi.

Ni na matsa na duba abin da bai shigo ba. Adiresoshin cikin gida suna can inda aka bar su, ko ɗaya bai tsallako ba. Na so in taɓa maɓalli in ƙara dubawa ta wata fuska, hannuna har ya ɗaga, sai na tuna ba kujerata ba ce. Na ce masa ya buga umarnin, ya buga, na karanta ta saman kafaɗarsa.

Bayan azahar Ciyaman ya kira. Ba wayar Oga ya kira ba. Ɗan kawuna ya fita baranda yana amsawa, ina jinsa yana cewa ɗan kamasho ya kama aiki, mai gadi ma yana bakin ƙofa. Oga ya ɗauki hularsa ya ce zai je Katsina gobe, ya ajiye makullin ɗakin ciki a kan tebur, kusa da wayar caji ta ɗan kawuna. Ni na koma gaban tsohuwar rautar na kunna ta, na jira ta gama tashi.